Matan da Ba Su Shiga Rajista Ba: Aikin Masu Binciken Lafiyar Mata Daga Zariya Zuwa Kano

Daga cikin fagagen ilimi da malaman jami'a kan ƙarar da rayuwarsu a kansu, akwai wanda ya keɓanta da lafiyar matan da aka bari a baya, wato matan da talauci, ko nisan gari, ko rashin karatun zamani, ko wata larura da jama'a ke ƙyama ta nisanta su daga asibiti da makaranta da duk wani zaure da ake yanke shawara a kan rayuwarsu. Babbar wahalar wannan fage ita ce mai bincike yana neman sanin halin mutanen da ba su bar sawu a takarda ba, domin mace kan ɗauki ciki a ƙauye, ta yi naƙuda a ɗakin mahaifiyarta, ta rasu da asuba, a yi mata sutura kafin azahar kamar yadda addini ya tanada, ba tare da an rubuta sunanta ko musabbabin rasuwarta a wani littafin hukuma ba. Saboda haka kafin masani ya kai ga tambayar abin da ke kashe mata, sai ya fara warware tambayar da ta gabace ta, wato su nawa ne suke mutuwa, kuma su wane ne.

Ma'aunin da masana suka amince da shi a wannan fanni shi ne adadin matan da suka rasu sanadin ciki ko haihuwa, ko cikin kwana 42 bayan ƙarewar cikin, a cikin kowace haihuwa 100,000 da aka sami jariri da rai. Binciken ƙasa na lafiya da yanayin jama'a da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya ba da adadin 512, alhali kiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar na shekarar 2020 ya kai 1,047, na shekarar 2023 kuma 993, wanda ke nufin kimanin mata 75,000 daga cikin 260,000 da suka rasu a duk duniya a wannan shekara. Wannan tazara tsakanin alƙaluma ba ta nuna cewa wani ɓangare ƙarya yake yi. Abin da take nunawa shi ne kowa lalube yake yi a inda babu cikakkiyar rajistar haihuwa da mutuwa. Binciken ƙasa ya dogara ne a kan wata dabara da ta samo asali daga aikin Wendy Graham da William Brass da Robert Snow, waɗanda suka gwada ta a Gambiya suka kuma wallafa a 1989, inda ake tambayar mutanen da ke raye labarin 'yan'uwansu mata da suke ciki ɗaya: nawa suka girma, nawa suka rasu, kuma ko rasuwar ta zo a kan ciki ko naƙuda ko jego. Dabarar tana da rahusa, sai dai ta dogara ga tunawar mutane da kuma yardarsu su faɗi abin da kunya kan hana faɗa, kamar cikin da bai kai ga bayyana ba, sannan a 2018 akwai ƙananan hukumomin Borno da rashin tsaro ya hana masu ɗaukar bayanai shiga gaba ɗaya.

Duk wanda ke son fahimtar yadda rayuwar mai irin wannan bincike take, da wuya ya sami misalin da ya fi na Farfesa Kelsey Harrison, wanda aka haifa a 1933 a Abonnema ta jihar Ribas ta yanzu, ya yi karatun likita a Ibadan da Landan, sannan ya ƙware a fannin haihuwa da cututtukan mata. Aikinsa na farko a asibitin koyarwa na Ibadan ya shafi matsanancin ƙarancin jini ga masu ciki, larurar da ke da wani tarko a cikinta, domin zuciyar macen da jininta ya yi ƙasa ainun ta riga ta galabaita, idan aka yi mata ƙarin jini kai tsaye sai ruwa ya yi wa zuciyar yawa ta kasa, maganin ya zama ajali. Harrison da abokan aikinsa sun nuna, a wata maƙala da mujallar Lancet ta buga a 1971, cewa idan aka haɗa ƙarin jinin da wani magani mai sa fitsari da sauri, jiki zai zubar da rarar ruwan yayin da jinin ke shiga, hanyar da ta fi sauƙi a kan musayar jini da ake yi a da. Wannan aiki ne irin na gefen gadon majiyyaci, kuma da a kansa ya tsaya ma, da ya isa a san sunansa a cikin likitoci.

A 1972 ya koma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda sashen koyon likitancinta bai daɗe da kafuwa ba, kuma a can ne ya ci karo da abin da ya sauya alƙiblar aikinsa. Ɗakin haihuwa na asibitin yana karɓar mata iri biyu waɗanda kamar ba ƙasa ɗaya suka fito ba: akwai masu zuwa awon ciki, da katinsu da tarihinsu, akwai kuma waɗanda ake kawowa ranga-ranga bayan kwana biyu ko uku suna naƙuda a gida, wasu jaririn ya riga ya mutu a ciki, wasu mahaifa ta fashe, wasu suna jijjiga. Maimakon ya dogara da abin da ido ke gani, sai ya tsara a riƙa rubuta bayanin kowace haihuwa ɗaya bayan ɗaya, ba a tsallake ko guda ba, daga farkon 1976 zuwa tsakiyar 1979, har aka tara haihuwa 22,774. A kan kowace mace an rubuta shekarunta da tsayinta da yawan haihuwarta da matakin karatunta da inda take zaune da ko ta yi awo, da abin da ya same ta da abin da ya sami jaririn. A zamanin da kwamfuta ba ta wadata ba, tace waɗannan bayanai ya ɗauki shekaru, tare da taimakon masanin ƙididdiga Charles Rossiter a Ingila, kuma sai a 1985 sakamakon ya fito a matsayin fitowa ta musamman ta mujallar likitocin haihuwa ta Birtaniya. Shekara tara ke nan tsakanin rubuta mace ta farko da bayyanar aikin, kuma wannan jinkiri shi ne al'adar fagen, abin da ya sa bai dace da mai gaggawar suna ba.

A cikin waɗannan haihuwa an rasa mata 238, kuma 219 daga cikinsu suna cikin rukunin da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku na dukkan matan ba. Haɗarin ya fi tsananta a gefe biyu na rayuwar haihuwa, wato ga 'yan mata masu shekara 15 zuwa ƙasa da ke kan cikin fari, da kuma ga matan da suka haura talatin suka kuma yi haihuwa da yawa. Abin da ya fi jan hankali shi ne ƙuruciya ita kaɗai ba ta yanke hukunci ba, domin yarinyar da ta sami kulawa tun cikin yana ƙarami ta fi takwararta da aka kawo a makare tsira nesa ba kusa ba. A wani reshe na binciken, wanda aka yi tare da masanin cututtukan jini Alan Fleming, an ba 'yan mata masu cikin fari maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyin ƙarin jini, sai aka tarar da yawa daga cikinsu sun ƙara tsayi a cikin watannin cikin, wanda ya nuna cewa jikinsu bai gama girma ba, kuma zazzaɓi da rashin abinci mai gina jiki ne suka tauye shi. Muhimmancin wannan yana ga ƙugu, domin ƙashin ƙugun da bai gama buɗewa ba shi ne ke tare kan jariri ya jawo doguwar naƙuda.

Daga waɗannan alƙaluma Harrison ya kai ga matsayar da ya riƙe har ƙarshen aikinsa na jami'a, ciki har da shekarun da ya yi yana shugabantar Jami'ar Fatakwal daga 1989 zuwa 1992, wato cewa makaranta ita ce babban maganin mutuwar mata wajen haihuwa, tun da macen da ta yi karatu ta fi jinkirta aure, ta fi zuwa awo, ta kuma fi samun bakin magana ranar da ake shawarar kai ta asibiti. Likitan da ya fara da jini ya ƙare yana wa'azin aji da allo, kuma wani abin lura shi ne shekarar da ya fara tattara bayanansa, 1976, ita ce shekarar da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi iyakar binciken. Bayanan asibiti ne, kuma macen da ba ta awo ba ta zuwa asibiti sai abu ya ɓaci, alhali dubban irinta sun haihu lafiya a gida ba a ƙirga su ba, don haka kwatanta rukunin biyu yana ƙara wa tazarar girma fiye da yadda take a cikin gari. Haka nan kuma karatu yakan zo tare da kuɗi da zaman birni da kusanci da titi, raba tasirin kowanne daga na ɗan'uwansa kuwa aiki ne da masana ke fama da shi har yau.

Aikin Zariya ya fito a kan gaɓa, domin a shekarar 1985 ɗin ce Allan Rosenfield da Deborah Maine na Jami'ar Kolombiya ta Amurka suka wallafa maƙalar da ta zargi shirye-shiryen lafiyar uwa da yaro da cewa sun kula da yaron sun manta da uwar. A 1987 aka yi taron Nairobi wanda ya ƙaddamar da yunƙurin haihuwa lafiya, da burin rage mutuwar mata da rabi kafin shekarar 2000, burin da bai cika ba. Shekarun farko sun tafi a kan horar da ungozomomin gargajiya da ƙoƙarin gano masu haɗari tun a wurin awo, kafin bincike ya nuna cewa yawancin matsalolin da ke kisa, kamar ɓallewar jini, ba sa sallama kafin su zo, kuma abin da ke ceton rai shi ne asibitin da zai iya tiyata da ƙarin jini a kowace sa'a. A 1994 Sereen Thaddeus da Maine suka tsara bayanin jinkiri uku da har yanzu ake koyarwa: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Rukunonin masu bincike a Zariya da Sakkwato, waɗanda suka haɗa likitoci da ungozomomi da masana zamantakewa, sun gwada abubuwa irin su asusun lamuni na gaggawa a ƙauyuka da haɗa kai da ƙungiyar direbobi domin ɗaukar mai naƙuda ba tare da dogon ciniki ba, kuma wannan ya nuna yadda fagen ya fita daga hannun likita shi kaɗai.

Babu larurar da ta fi bayyana ma'anar a bar mace a baya kamar yoyon fitsari. Idan kan jariri ya daɗe a maƙale yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashi, jini yakan daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar kafa, daga nan fitsari, wani lokaci har da bayan gida, ya riƙa zuba dare da rana, kuma galibi jaririn ma an rasa shi. Farhang Tahzib ya nazarci mata 1,443 da aka gani a asibitin Zariya tsakanin 1969 da 1980, ya tarar cewa kashi 83 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri, wato tsagar da ungozoma ko wanzami kan yi a gaban mace da aska da nufin buɗe hanya ko magance wasu larurori. Margaret Murphy, wadda ta yi aikin jin daɗin jama'a a asibitin, ta bi ɓangaren da wuƙar likita ba ta kaiwa, ta wallafa a 1981 yadda tsawon jinya ke cin aure da dangantaka, ta yadda macen da miji ya riƙe a watannin farko takan tsinci kanta a gidan iyaye bayan shekaru sun tura. Ga mace musulma akwai wani ƙarin nauyi da alƙaluma ba sa ɗauka, wato damuwa a kan tsarki da salla da shiga cikin mata a wurin biki ko makoki, duk da cewa malaman fiƙihu sun yi sauƙi ga mai irin wannan uzuri.

Daga farkon shekarun 1980 likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya mayar da asibitin Babbar Ruga da ke Katsina cibiyar gyaran yoyon fitsari, ya yi wa dubban mata aiki a can da Kano da wasu garuruwa, ya horar da likitoci, ya kuma riƙe al'adar rubuta bayanin kowace majiyyaciya, wadda daga cikinta ya nuna cewa sanya robar fitsari da wuri kan sa wasu sababbin ƙananan raunuka su haɗe ba tare da tiyata ba. Lewis Wall kuwa ya bi hanyar ne ta baya: ya fara zuwa ƙasar Hausa a matsayin ɗalibin nazarin al'adu, ya zauna a wani ƙauye a yankin Malumfashi yana nazarin maganin gargajiya, abin da ya gani ya tura shi karatun likita, daga baya kuma ya kasance cikin waɗanda suka kafa cibiyar gyaran yoyon fitsari ta Danja kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012. Amma binciken da ya fi girgiza labarin da aka saba ji shi ne na Alison Heller, wadda ta daɗe tana zama da masu larurar a cibiyoyin jinya na Nijar. Ta tarar cewa hoton da ƙungiyoyin agaji ke tallatawa domin neman gudummawa, na ƙaramar yarinya da aka yi wa auren dole, miji ya kore ta, tiyata ɗaya ta mayar da ita mutum, bai dace da yawancin matan da ta sani ba. Da yawa manyan mata ne da suka sami larurar bayan sun riga sun yi haihuwa a baya, wasu a hannun ma'aikatan lafiya aka yi musu jinkirin, da yawa danginsu ba su yashe su ba, kuma babban abin da ya wahalar da su shi ne zaman jiran tiyata na watanni da kuma aikin da ake maimaitawa ba tare da yoyon ya tsaya ba. Irin wannan sakamako ba ya faranta ran mai ba da kuɗi, kuma a nan ne ake gane mai binciken da ya san wa yake yi wa aiki.

Akwai kuma darasi a tarihin ciwon zuciyar masu jego, wanda Zariya ta yi suna da shi a littattafan likitanci. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry sun bayyana yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, da kumburi da haki, suka kuma danganta shi da al'adun jego, wato wankan ruwan zafi safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa mai yawan gishiri. Bayanin ya zauna daram a tunani, aka kuma yi shekaru ana maimaita shi. Da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka sake duba lamarin da na'urar hoton zuciya da rajistar majiyyata daga asibitoci da dama a faɗin ƙasar, sai suka tabbatar cewa cutar ta fi yawa a Arewa maso Yamma, kusan mace ɗaya a cikin haihuwa ɗari a asibitocin da aka duba, amma abubuwan da suka fi alaƙa da ita su ne rashin karatu da rashin sana'a da rama da hawan jinin masu ciki, tare da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Ɗora laifi a kan al'ada yana da sauƙi, domin ba ya neman kasafin kuɗi daga kowa. Ɗora shi a kan yunwa da talauci kuwa yana kai ƙara ne ƙofar hukuma.

Yau da gobe ta wannan aiki ba ta da ƙyalli. Kafin a yi wa mace ɗaya tambaya sai an bi ta kan hakimi da dagaci da mai unguwa da liman, sannan maigida, sau da yawa kuma uwar miji, wadda a sha'anin haihuwa maganarta kan fi ta ɗanta nauyi. A gidan da ake kulle namiji baƙo ba ya wuce zaure, don haka aikin ya rataya a wuyan mata masu ɗaukar bayanai, waɗanda suka san yadda ake tambayar mai cikin fari abin da kunya ba ta barin ta ambata, kuma kamar yadda ake cewa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Sunayen waɗannan mata ba safai suke fitowa a saman maƙala ba. Sannan akwai batun yardar wadda ake bincike a kanta, wato a bayyana mata da harshenta abin da za a yi, da haɗarinsa, da cewa tana da ikon ƙi ba tare da an hana ta magani ba. Fannin yana ɗauke da tabo a nan, domin J. Marion Sims, wanda ake danganta tiyatar yoyon fitsari ta zamani da shi, ya ƙware ne a jikin bayi mata baƙaƙen fata a jihar Alabama tsakanin 1845 da 1849, abin da ya sa aka ɗauke mutum-mutuminsa daga babban lambun birnin New York a 2018. A Kano kuma gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da shari'ar da ta biyo baya, sun bar zargin da duk mai shiga gari da takardar tambayoyi yake gada, ko da yake tun 2007 ƙasar tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya wanda ya wajabta amincewar kwamitin ɗa'a kafin a fara.

Ta fuskar ci gaban malami kuwa, jami'a tana auna shi ne da yawan maƙalun da ya wallafa, kuɗin bincike kuma galibi daga ƙetare yake zuwa da jerin abubuwan da mai bayarwa ya fi so, na tsawon shekara uku ko biyar. Sakamakon haka shi ne larurorin da ba su da mai tallata su, kamar taɓin hankali bayan haihuwa, ko halin mata masu naƙasa da zawarawa da masu aikatau, sukan rasa mai duba su, kuma an daɗe ana kukan cewa masanin gida ne ke tattara bayanai, na waje kuma ya zama jagoran marubuta.

Wannan hoto ya fara sauyawa a Kano. Tun 1995 wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa ya tabbatar cewa sinadarin magnesiyam salfet ya fi sauran magunguna tsayar da jijjigar masu ciki, cutar da hawan jini ke haddasawa wadda a gida akan ɗauka bugun iska ne, amma sai a 2008 aka shigar da shi asibitoci goma na jihar Kano tare da horar da ma'aikata, kuma rahoton da Farfesa Jamilu Tukur da abokansa suka fitar ya nuna mace-macen masu cutar ya faɗo daga kashi 20.9 zuwa kashi 2.3 cikin ɗari. Shekara goma sha uku tsakanin sanin magani da isarsa gadon majiyyaciya ita ce ta haifar da reshen bincike da ke nazarin aiwatarwa, wato dalilin da ya sa abin da aka sani ba a yin sa. A wannan reshe ne Farfesa Hadiza Galadanci, wadda ta yi karatun likita a Zariya take kuma koyarwa a Jami'ar Bayero da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ta jagoranci ɓangaren Nijeriya na gwajin E-MOTIVE a kan zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya. Matsalar da aka gano ita ce ma'aikata da ido suke kiyasta jinin da ya zuba, ido kuma yakan rage, don haka akan farga a makare. Sai aka shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni, da zarar jinin ya kai iyakar da aka sa, wadda ba ta wuce rabin lita ba, sai a yi duk matakan a lokaci ɗaya maimakon a gwada su bi da bi: murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, allurar da ke hana jini tsinkewa, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. An gwada wannan a asibitoci kusan 80 a Kenya da Nijeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, kusan rabinsu a Nijeriya, a kan mata 210,132, kuma sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna munanan sakamako sun ragu da kashi 60 cikin ɗari, daga kashi 4.3 na matan zuwa kashi 1.6, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da tsarin cikin shawarwarinta a shekarar.

Babu sabon magani ko ɗaya a cikin wannan tsari, kuma a nan ƙarfinsa yake, tun da ungozomar asibiti za ta iya aiwatar da shi ba tare da jiran likita ba. Sai dai binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Nijeriya ake yi a cibiyar lafiya, a Arewa maso Yamma kuma kimanin kashi 16, kuma gwajin an yi shi ne a manyan asibitoci masu ɗakin tiyata, saboda haka tambayar da ke gaban masu bincike yanzu ita ce yadda tsarin zai yi aiki a ƙaramin asibitin ƙauye mai ma'aikaciya ɗaya da dare. Allurar oksitosin, wadda ita ce ginshiƙin tsuke mahaifa, tana lalacewa idan ba a ajiye ta a sanyi ba, kuma ko da yake wani gwaji da aka wallafa a 2018 a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma, har da Nijeriya, ya nuna cewa akwai nau'in allurar kabetosin mai jure zafi da ke yin aiki makamancin nata wajen rigakafi, sayen ta da ledar awon jini da biyan albashin ungozoma duk suna komawa ga kasafin kuɗin jihohi da na tarayya. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, kuma gwamnatin tarayyar Nijeriya ba ta taɓa kaiwa wannan adadi ba a cikin shekarun da suka biyo baya.